Akwatin Saƙo na 1965 da Adireshin 1971: Wanne Ne Mafarin Imel?

Da Ray Tomlinson ya rasu ranar 5 ga Maris 2016 a garin Lincoln na jihar Massachusetts a Amurka, yana da shekara 74, kafafen watsa labarai na duniya sun haɗu a kan magana ɗaya, wato mutumin da ya ƙirƙiro imel ya kwanta dama. Tsofaffin ma'aikatan kwamfuta da suka ga zamanin da idonsu sun yi alhini kamar kowa, amma sun san labarin bai cika ba. Shekara shida kafin Tomlinson ya aika saƙonsa na farko, wasu matasa biyu a jami'ar MIT, Noel Morris da Tom Van Vleck, sun riga sun rubuta manhajar da mutane ke aika wa juna saƙo da ita a kwamfuta. Ke nan ayyuka biyu ne ke neman suna ɗaya, na 1965 da na 1971, kuma dukansu an yi su a gari ɗaya, Cambridge, da ke maƙwabtaka da Boston. Wanda duk ya taɓa buɗe adireshin imel don rajistar jarrabawar JAMB ko neman aiki ya ci gajiyar su biyun, don haka ya kamata a ɗora su a sikeli da adalci.

Sai mutum ya san yadda kwamfuta take a wancan lokaci kafin ya fahimci aikin 1965. Na'ura ce da ke cika ɗaki, kuɗinta miliyoyin daloli, jami'a guda da ƙyar take mallakar ɗaya ko biyu. Mai son aiki da ita yakan huda umarninsa a jikin katuttuka, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin, ya tafi ya dawo bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari, ya karɓi sakamako. In ya kuskure harafi ɗaya, sai ya koma layi. Fernando Corbató da abokan aikinsa a MIT su ne suka karya wannan wahala da tsarin da suka kira CTSS, wanda aka fara gwadawa a 1961. Dabarar karɓa-karɓa ce: kwamfutar takan ba kowane mutum ɗan ƙiftawar ido na lokacinta, ta wuce ga na gaba, ta zagayo da sauri har kowa ya ɗauka shi kaɗai take saurare. A kan na'urar IBM 7094, kimanin mutum talatin na iya aiki lokaci guda, kowa zaune gaban wata na'ura mai kama da tafireta da aka haɗa da kwamfutar ta layin tarho. Kowa na da ma'ajiyar fayilolinsa da kalmar sirrinsa.

Da mutane da yawa suka taru a kan na'ura ɗaya, sai buƙatar magana ta taso da kanta. Tun ba a tanadar musu hanya ba, suka riƙa ajiye fayil a wurin da kowa ke iya gani, su sa masa suna irin "zuwa ga wane", da fatan wanen zai leƙa. Kowa na iya karantawa, kuma mai saƙon na iya kwana bai san an bar masa komai ba. Wajen ƙarshen 1964 zuwa farkon 1965, ma'aikata uku, Pat Crisman da Glenda Schroeder da Bafaranshen nan Louis Pouzin, suka rubuta takardar shawara da ta ƙunshi cewa a samar da umarni mai suna MAIL. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ransu shi ne masu kula da na'urar su samu hanyar sanar da mutum halin da fayilolinsa ke ciki. Shawarar ta zauna a takarda, ba wanda ya samu sukunin aiwatar da ita, har Morris da Van Vleck, sababbin ma'aikata da ba su daɗe da barin aji ba, suka gani suka nemi izini suka rubuta a 1965.

Abin da suka gina ba ƙarami ba ne. Dokar CTSS ita ce ba mai taɓa ma'ajiyar wani. Sai da aka ba MAIL wani iko na musamman, ta yadda za ta shiga ma'ajiyar mutum ta ƙara saƙo a ƙarshen wani fayil mai suna MAIL BOX, ta fita ba tare da mai aikawa ya ga abin da ke ciki ko ya goge wani abu ba. Wannan ƙa'ida, kowa na iya jefa maka saƙo amma kai kaɗai ke buɗe akwatin, ita ce har yau ƙashin bayan imel. Adireshin kuwa lambobi biyu ne, lambar aikin da mutum ke ƙarƙashinsa da lambarsa ta ma'aikaci. Da manhajar tasu, kowa na iya rubuta wa kowa abin da ya ga dama.  

Har matsalolin imel ma a can suka fara nuna kai. Van Vleck ya ba da labarin yadda a 1971 wani ma'aikaci ya yi amfani da damar da yake da ita ya aika wa duk masu amfani da CTSS saƙon adawa da yaƙin Biyetnam, sai da aka zaunar da shi aka nuna masa cewa akwatin mutane ba dandalin kowa ba ne. A 1969 kuma Van Vleck ya sake rubuta manhajar saƙon don Multics, babban tsarin da ya gaji CTSS. Wasu cibiyoyin ma da ke da kwamfutar karɓa-karɓa sun samar da irin nasu a shekarun. Duk da haka akwai katangar da ba wanda ya tsallake a cikinsu: mai aikawa da mai karɓa dole su kasance a kan kwamfuta ɗaya. Kamar babban gida ne mai sassa da yawa, inda za ka bar wa ɗan'uwanka saƙo a ƙofar ɗakinsa, amma in yana wani gari ba ka da ɗan aike.

Raymond Samuel Tomlinson an haife shi ranar 23 ga Afrilu 1941 a Amsterdam, wani ƙaramin gari a jihar New York, ya tashi a ƙauyukan da ke kusa. Ya karanta injiniyancin lantarki a kwalejin Rensselaer da ke Troy, ya gama a 1963, kuma yana ɗalibi ya taɓa aiki da kamfanin IBM. Daga nan ya tafi MIT ya yi digiri na biyu, inda ya ƙera na'urar da ke kwaikwayon muryar ɗan Adam, ya kammala a 1965, shekarar da Morris da Van Vleck ke rubuta MAIL a jami'ar. A 1967 ya kama aiki da kamfanin Bolt Beranek and Newman, wanda aka fi sani da BBN, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa ta aiki, kusan shekara hamsin, har bayan da kamfanin Raytheon ya sayi BBN a 2009.

Wurin da mutum ya samu kansa na da rabo a cikin abin da zai yi. BBN ne ya ci kwangilar hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, ta ƙera na'urorin da za su haɗa kwamfutocin jami'o'i a hanyar sadarwa ɗaya, ARPANET, kakar intanet. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon gwaji na farko daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta Stanford, na'urar ta tsaya bayan harafi biyu. Kafin shekarar ta ƙare an haɗa cibiyoyi huɗu, a 1971 sun kai wajen goma sha biyar. Manufar gina ta ita ce masu bincike su yi aron ƙarfin kwamfutocin juna daga nesa, tunda na'urorin na da tsada. Hira tsakanin mutane ba ta cikin dalilan da aka kashe kuɗin dominsu.

Tomlinson na cikin waɗanda suka rubuta TENEX, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar PDP-10 ta kamfanin DEC. Abubuwa biyu na hannunsa a 1971. Akwai SNDMSG, manhajar barin saƙo ga wanda kuke kwamfuta ɗaya da shi, irin dai abin da MIT ke da shi tun tuni. Akwai kuma CPYNET, manhajar gwaji da ya rubuta don tura fayil daga wata kwamfuta zuwa wata ta ARPANET. A shekarar ne wani mai bincike a cibiyar Stanford, Dick Watson, ya fitar da takardar shawara ta RFC 196, wadda ta kawo tsarin akwatunan saƙo masu lamba, a riƙa buga saƙon a takarda a can inda ya sauka a kai wa mai shi. Tomlinson ya karanta ya ga an yi zagaye da yawa. Akwatin saƙo fayil ne, shi kuma yana da abin da ke kai fayil wata kwamfuta. Sai ya ɗebo dabarar CPYNET ya zuba cikin SNDMSG, ya koya mata ta ƙara rubutu a ƙarshen akwatin da ke can nesa.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya manhajar za ta gane cewa wannan saƙo na waje ne? Ana buƙatar alamar da za ta raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa, wadda ba ta fitowa a sunan kowa. Ya duba madannan na'urar Teletype samfurin 33 da ke gabansa ya zaɓi @, alamar da 'yan kasuwa ke sa wa a takardar lissafi don nuna farashin kowane ɗaya. Wajen ƙarshen 1971 ya aika saƙon farko tsakanin PDP-10 biyu da ke ajiye kafaɗa da kafaɗa a ɗaki ɗaya, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai ARPANET. Ya sha faɗi cewa bai tuna abin da ya rubuta ba, wataƙila jerin haruffan saman madannai ne kawai. Abokin aikinsa Jerry Burchfiel ya ba da labarin cewa da Tomlinson ya nuna masa, ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don ba shi ne aikin da aka sa su ba. A farkon 1972 manhajar ta bi sabon zubin TENEX zuwa sauran cibiyoyi, ta bazu.

To, in aka auna da awon gumi da sabon tunani, ina ganin Morris da Van Vleck sun fi. Ba su da abin kwaikwayo a gabansu. Su suka warware yadda baƙo zai ajiye saƙo a ma'ajiyar wani ba tare da ya keta sirrinsa ba, su suka fara ganin yadda mutane ke mu'amala da irin wannan hanya, alherinta da fitinarta. Tomlinson ya tarar da akwati a gine, ya tarar da hanya a shimfiɗe, kamfaninsa ma ya shimfiɗa ta. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Shi kansa bai taɓa nuna cewa aikin ya ba shi wahala ba, kuma da aka tambaye shi dalilin yin sa, amsarsa ba ta wuce cewa ya ga dabara ce mai kyau ba. Zubinsa na farko ma gurgu ne, tsakanin kwamfutocin TENEX kawai yake aiki.

In kuma aka auna da awon abin da aikin ya haifar, sikelin ya karkata ga Tomlinson, kuma karkatar ba kaɗan ba ce. Lambobin nan biyu na CTSS ba su da ma'ana a wajen MIT. Hukumar na'urar ce ke ba da su, ranar da aka kashe na'urar sun mutu tare da ita, kuma an kashe CTSS a 1973. Adireshin Tomlinson kuwa ya raba duniya gida biyu a layi ɗaya. Abin da ke dama da alamar aikin hanyar sadarwa ne ta nemo shi. Abin da ke hagu kuma ruwan kwamfutar da saƙon ya sauka ne, ita ta san mutanenta. Saboda wannan rabo, ba a buƙatar wani babban ofishi da ke riƙe da sunayen kowa da kowa. Kowace jami'a, kowane kamfani, kowace ƙasa na iya kafa nata wurin saƙo, ta raɗa wa mutanenta sunan da ta so, kuma saƙo ya isa. Tsarin da aka gwada da na'ura biyu ya ɗauki biliyoyin mutane ba tare da an sauya siffarsa ba.

Wannan batu na da muhimmanci a wurina fiye da tambayar wa ya riga wa. Dubi yadda muke sadarwa yau. Mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram saƙo kai tsaye, sai ya sauke manhajar ya yi rajista, ya shiga ƙarƙashin dokar mai ita. A wannan fuska, manyan manhajojin hira sun fi kama da tsarin 1965: kowa ya shigo kwamfutarmu, sai ku yi magana. Mai Gmail kuwa yana rubuta wa mai Yahoo, mai Yahoo ya rubuta wa malamin da ke amfani da adireshin jami'arsa a Zariya ko Yamai, ba wanda ya nemi izinin wani. Ba kamfanin da ya mallaki imel, ba wanda zai wayi gari ya rufe shi. Tomlinson bai yi rajistar mallakar dabararsa ba, kuma ƙa'idojin da suka biyo baya an wallafa su a fili, kyauta ga duk mai son ginawa a kansu. Abu irin wannan ya yi ƙaranci a zamaninmu, shi ya sa nake ganin darajarsa.

Sai dai ko an haɗa ayyukan biyu, ba su kai imel ɗin da muka sani ba. A zubin farko, karanta saƙo na nufin na'ura ta zazzago maka duk abin da ke akwatin daga farko har ƙarshe. Larry Roberts, wanda ke jagorantar aikin ARPANET, shi ya rubuta manhajar RD a 1972 don a iya jera saƙonni a zaɓi wanda za a karanta, saboda shugaban ARPA Stephen Lukasik ya rungumi imel har saƙonni sun yi masa yawa. John Vittal ya fito da MSG a tsakiyar shekarun 1970, wadda ta sauƙaƙa mayar da amsa da tura saƙo ga wani, kuma da amsa ta zama abu mai sauƙi ne saƙo ya koma hira. Wani bincike na 1973 da ake yawan ambata ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na zirga-zirgar ARPANET imel ne. A Maris 1976 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta aika nata daga wata cibiyar bincike a Malvern ta Ingila. A 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP da saƙonni ke tafiya a kanta har yau. Mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ ma sai da muka jira, domin imel na farko haruffa da alamomi 128 na tsarin ASCII kawai ya sani. Sai da ƙa'idar MIME ta Nathaniel Borenstein da Ned Freed ta zo a 1992, Unicode kuma ya samu karɓuwa, sannan haruffanmu masu lanƙwasa da hotuna da takardu suka samu shiga.

Akwai kuma raunin da ayyukan biyu suka yi tarayya a kansa, kodayake illarsa ta fi fitowa a na biyun. Dukansu an gina su cikin mutanen da suka san juna. A CTSS na'urar ta san wanda ya shiga da kalmar sirrinsa, don haka sunan mai aikawa abin dogaro ne. Da saƙo ya fara ƙetare kwamfutoci, sai mai karɓa ya koma yarda da duk abin da mai aikawa ya faɗa game da kansa. Tsakanin 'yan ɗaruruwan masu bincike wannan ba komai ba ne. A Mayu 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya watsa tallar sababbin kwamfutoci ga ɗaruruwan mutane a ARPANET, aka yi ta ƙorafi. Daga baya 'yan damfara suka gano cewa ƙofar da ke buɗe ga kowa a buɗe take gare su su ma. Duk wanda aka taɓa turo wa saƙon bogi da sunan banki ya ɗanɗana kuɗin wannan 'yanci. Ban ga laifin Tomlinson a nan ba, amma mai yabon buɗaɗɗen tsari dole ya faɗi abin da ya zo da shi.

Wajen rabon yabo kuwa, duniya ba ta yi daidai ba. Tomlinson ya samu lambar Yariman Asturias ta ƙasar Sifaniya a 2009 tare da Martin Cooper na wayar salula, aka sa shi a rukunin farko na gwarazan intanet a 2012, gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York kuma ya shigar da alamar @ cikin kayansa a 2010. Ya cancanta, kuma gudummawarsa ta wuce imel, domin yana da hannu a dabarar gaisuwa sau uku da kwamfutoci biyu ke yi kafin su fara musayar bayanai a ƙa'idar TCP, abin da ke faruwa a mafi yawan lokutan da aka buɗe shafin intanet. Mutum ne marar son hayaniya, wanda a ƙarshen rayuwarsa yake kiwon wasu ƙananan tumaki, kuma a bayanin da ya rubuta da kansa ya fayyace cewa saƙo tsakanin kwamfutoci ne ya fara, akwai manhajojin saƙo kafin nasa. 'Yan jarida ne suka gajarta maganar. Noel Morris kuwa ya rasu da sauran ƙuruciyarsa, tun imel bai shiga gidajen mutane ba, kuma da wuya a ji sunansa ba don mutum biyu ba. Van Vleck ya rubuta tarihin abin da suka yi dalla-dalla, sannan ƙanin Noel, fitaccen mai shirya fina-finan gaskiya Errol Morris, ya bi diddigi ya wallafa jerin maƙaloli a jaridar New York Times a 2011 yana tambayar ko yayansa ne ya ƙirƙiro imel. Wannan mantuwa tana damuna, domin mutumin da ya fara haƙa rijiya bai kamata sai ɗan'uwansa ya yi cigiya kafin a tuna da shi ba.

Ayyukan biyu sun taɓa yin karo gaba da gaba, a kan alamar @ ɗin kanta. A Multics, tsarin da Morris da Van Vleck suka yi wa aiki bayan CTSS, danna @ umarni ne na goge duk layin da mutum ya rubuta. Mai zaune gaban Multics in ya zo rubuta adireshi irin na Tomlinson, yana kaiwa tsakiya sai abin da ya rubuta ya ɓace. Mutanen Multics sun yi ta jayayya da mutanen TENEX a kan wannan da sauran bayanan da ake sa wa a kan saƙo, shekara da shekaru. Ƙa'idar RFC 733 ta 1977 ta yi sulhu, ta yarda a rubuta alamar ko a rubuta kalmar Turanci mai harafi biyu da take wakilta. A 1982 Dave Crocker ya fitar da RFC 822, wadda ta soke zaɓin kalmar ta bar @ ita kaɗai, masu Multics kuma suka daidaita na'urorinsu.